Gaɓar da Uduma Ya Ƙi Saki

Yayana Udumalebbe, wanda duk garinmu Manalturai ke kira Uduma Mai Taru, ba ya musu da mai cewa wata ƙasa ta fi wata. Sai dai ya ɗago kai daga ɗinkin tarunsa ya tambaye shi, "Da ka je can, a baƙo ka je ko a bara?" In mutum ya amsa, to, su ci gaba da hira. In ya yi shiru, Yaya ya koma kan ɗinkinsa.

Ni ƙanwarsa ce. Ina zaune a gidan da Ummarmu ta bar mini, kamar yadda ake barin gida ga 'ya mace a nan gabashin Sri Lanka, kuma daga tagar kicin ɗina ina ganin gaɓar tamu duka. A tagar nan nake sayar da shayi da gurasar kwakwa da safe. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A garinmu kowane taru yana da gaɓarsa, wato inda ake jawo shi tudu. Tamu ta fara daga baƙin dutse ta ƙare a bakin 'yar ƙorama. Ba a sayar da ita, ba a yi mata shinge. Ta mai taru ce muddin tarunsa yana hawa tudu da kifi. In damina ta sauka, teku ya haukace, bai jawo ko sau ɗaya ba a shekarar, to gaɓa ta koma hannun dattawan masallaci, su ba wanda ya nema. Haka mahaifinmu ya same ta, haka ya bar wa Yaya.

Taru kuwa ba aikin mutum biyu ko uku ba ne. Kwalekwale zai fita ya zagaye kifi, ya dawo. Igiya biyu ce, kowacce da layin mutanenta. Kowa ya ɗaura guntuwar igiya a ƙugu, ya maƙala a jikin babbar, ya riƙa tafiya da baya, ana salati don ƙafa ta zo ɗaya. Wanda ya kai ƙarshen layi ya kwance, ya koma bakin ruwa ya sake kamawa. Duk wanda hannunsa ya taɓa igiya yana da rabo, ko da mai wucewa ne. Aikin maza ne tun kaka da kakanni. Mu mata muna can sama da kwanduna, muna jira.

Shekarar da teku ya hau tudu, ya tafi da mijina, Allah ya jiƙansa. Ya tafi da kwalekwalen Yaya da tarunsa. Wani ɗan baffanmu ya riƙe mana gaɓar da tarun aro, shi kuma Yaya ya bi ayarin masu tafiya aiki tsibiran Maldives, ya tafi da ɗana Jaufar, wanda a lokacin gemu bai gama fito masa ba. Otal ɗaya suka samu, a wani tsibiri da babu kowa a kansa sai baƙi da masu yi musu hidima.

Jaufar an sa shi kai abinci tebur. Ya koyi Turanci, ya koyi murmushi, ya koyi naɗe tawul ya zama agwagwa a kan gado. Yaya kuwa manjagara aka miƙa masa. Kafin gari ya waye zai bi yashin bakin ruwa ya share sawun ƙafa, ya tsince ganye da duk abin da teku ya tofo, don baƙo ya fito ya ɗauka shi ne mutum na farko da ya taka wurin. In ya gama sai ya bi wata 'yar hanya ta bayan itatuwa ya ɓace. An gaya musu kada baƙo ya gan su.

Sun daɗe a can. Da suka dawo, sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suka je ba.

"Umma," in ji Jaufar, "da kin ga yashin can! Fari fat, laushi kamar garin shinkafa."

"Dole ya yi kama da gari," in ji Yaya. "Ni nake tankaɗe shi kullum."

Yaya ya sayi sabon taru da kwalekwale. Jaufar ya auri Sulaiha, 'yar Yaya, ya koma gidanta da ke bayan gaɓar, ya ƙara ɗakuna a gefe, ya rataya allo da sunan otal. Lokacin ne Turawa suka fara yawa, masu hawa raƙuman ruwa a kan katako da masu kwanciya a rana kamar kifin shanya. Allah ya buɗa wa yaron, ban ƙi ba. Ni na haife shi, kuma bai taɓa barina da yunwa ba.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Lokacin da teku ke kwanciya a yi kamun kifi, shi ne lokacin baƙi. Samari suka ga ɗaukar faranti ya fi jan igiya sauƙi, koya wa Bature tsayuwa a kan katako kuma ya fi duka. Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Kowace shekara layin igiya yana gajercewa, har bara ya zamana ba wanda ya rage wa Yaya sai tsofaffi, masu tari da masu ciwon gwiwa. Wata ya bi wata, taru yana jibge a ƙarƙashin rumfa. Gadajen shan rana na Jaufar da lemomin da ke yi musu inuwa kuwa suna ta saukowa, yau taku kaɗan, gobe taku kaɗan, har suka kusa baƙin dutse.

Akwai wata tsohuwar Baturiya, Madam Birgit, da ke sauka wurin Jaufar duk shekara. Ta bar aiki a ƙasarsu, tana neman inda za ta zauna ta ƙarasa kwanakinta ba tare da sanyi ba. Ta iya harshenmu tsinto-tsinto. Kullum da safe takan zo tagata ta sha baƙin shayi da mazarƙwaila, Yaya yana gefe yana ɗinki. Hirarta ɗaya ce: ina ya fi?

"Kerala akwai masu tausa da mai, likita ba tsada," ta ce. "Amma ƙarar mota, wayyo! Maldives ruwa kamar gilashi. Amma tsada, kuma bayan kwana kaɗan ba abin yi, sai kallon ruwa. Nan abinci mai daɗi, mutane masu dariya. Amma hankaki ya sace mini gurasa, bakin ruwa warin kifi. Uduma, kai ka zauna can. Gaya mini, ina ya fi?"

"Madam, can ba hankaki," in ji Yaya. "Ba kare, ba akuya, ba tsohuwa mai tari. Duk an tura su wani tsibiri, kusa da inda ake ƙona shara."

Ta yi dariya. "Kerala fa?"

"Ban je ba. Amma na kwana ɗaki ɗaya da wani mutumin can, shi ma masunci ne kafin a ba shi tsintsiya. Ya ce a garinsu yanzu ana tsoma raga a ruwa ana ɗagawa ba don kifi ba, don baƙo ya ɗauki hoto ya ba da na goro. Yana faɗa yana dariya, amma bai ci abinci ba ranar."

"To ni ina zan zauna?"

"Ke da kike da fasfo mai buɗe kowace ƙofa, ni za ki tambaya? Ki zauna inda kika ga dama. Sai dai in kin zauna nan, ki sani warin kifin ya riga ki zuwa."

Ba ta ji haushi ba. Ta saba da bakinsa.

Ana saura kaɗan damina ta sauka, Jaufar ya je wurin dattawa ya ce in gaɓa ta faɗi, shi yana nema. Bai yi a ɓoye ba, gaskiya. Daga can gidana ya zo, ya tarar da kawunsa a gindin taga.

"Kawu, na je wurin Dattijo Mira Sahibu. Gara ka ji daga bakina."

"Na ji tun kafin ka sa takalminka."

"To saurara, ban zo faɗa ba. Tarun nan ɓeraye sun fi ka cin moriyarsa. Ga shawara. Zan ba ka yarana, kowace Asabar da hantsi, bayan baƙi sun karya. Ku fitar da kwalekwale, ku ja, ku yi salatinku, su kalla su ɗauki hoto. Ko kifi uku ne ya shigo, dattawa sun ga taru ya hau tudu. Gaɓa tana sunanka, ni kuma sauran kwanaki in shimfiɗa gadajena. Har da ɗan abin shayi duk mako."

Yaya ya cire zaren da ke bakinsa. "Kifin ka gaya masa?"

"Wane kifi?"

"Wanda zai zo ranar Asabar da hantsi. Ya san baƙinka sun gama karyawa?"

"Kawu, don Allah..."

"Kai da ka iya mayar da tawul agwagwa, yanzu kawunka za ka mayar biri? Can an biya ni don kada a gan ni. Nan kuma za ka biya ni don a kalle ni. Duk abu ɗaya ne, Jaufar. Taru yana fita ne in kifi ya zo."

"Da wa za ka ja? Da Tsoho Sini, wanda sai an tashe shi daga sujada?"

"Da wanda Allah ya kawo."

Jaufar ya juyo wurina. "Umma, ki yi masa magana. Baƙin nan suna da zaɓi. In suka ga kwalekwale da ƙudaje, gobe suna Maldives, jibi suna Kerala. Gidaje nawa ke ci daga otal ɗin nan?"

Maganarsa ba ƙarya ba ce. Na zuba masa shayi. Ɗaya ɗana ne, ɗaya nono ɗaya muka sha. Daga ranar, in na idar da salla sai in rasa me zan roƙa, sai in ce Allah ya zaɓa mafi alheri in shafa.

Yaya ya koma hawa baƙin dutse kullum bayan Asuba, ya tsaya da zanensa a naɗe zuwa gwiwa, yana duban ruwa. Hadari ya fara taruwa da yamma ta arewa. Kowa ya san saura ƙiris. Sau biyu kifi ya zo, Yaya ya yi kira, waɗanda suka fito ba su isa ko tura kwalekwale ba. Ya sauko ya koma kan ɗinkinsa. Ya rame. Sulaiha ta ce mini abincin da take aika masa yana dawowa kamar yadda ya tafi.

Ranar wata Talata, rana ta ɗan ɗaga, ina murza ƙullun gurasa, na ji kiran. Na leƙa. Ruwa ya yi duhu a wuri ɗaya kamar inuwar gajimare, ga tsuntsaye suna faɗawa. Ban taɓa ganin duhun da ya kai wannan faɗi ba tun rasuwar mijina. Tsofaffin suka fito, wani da hula a hannu, wani yana ɗaura zane a guje. Wannan karon suka tura kwalekwalen da ƙyar, masu sauran ƙarfi suka shiga da Yaya, suka zagaye duhun, suka dawo da bakin igiya.

A nan abin ya tsaya. Da suka rabu gida biyu, kowace igiya ba ta samu mutum ya kai yatsun hannu ɗaya ba. Suka ɗaura, suka fara salati, suka ja. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara, ta tsaya. Sai na ga ƙafafunsu suna jan layi a yashi, ba baya suke yi ba, gaba suke yi. Teku ne ke jan su. Tsoho Sini har ruwa ya kai masa gwiwa. Yaya yana gaban layi, jijiyar wuyansa ta fito, bai waiwayo ya dubi otal ba ko sau ɗaya. Yaran Jaufar suna tsaye a kan matakala da faranti a hannu, suna duban igiya, suna duban maigidansu. Da yawansu iyayensu ne a layin.

Mata sun taru a sama da kwanduna kamar kullum. Sai ga Sulaiha ta shigo kicin ɗina ta ƙofar baya, tana haki.

"Gwaggo, Baba zai faɗi. Wallahi ba zai saki ba, sai dai ya bi ta."

Na wanke hannuna. Na ja gefen sarina, dogon zanen da muke naɗawa, na rufe kai da kyau, na ɗaure ragowar a ƙugu, na yi bisimilla. Tun da aka haife ni ban taɓa taka yashin nan a lokacin jan taru ba. Yana da zafi a tafin ƙafa. Na wuce tsakanin gadajen, na je bayan Tsoho Sini na kama igiya. Sulaiha ta kama a bayana.

Sini ya waiwayo, ido waje. "La'ilaha! Mata a igiya? Kifi zai gudu!"

Wata maƙwabciyata mai ƙiba, wadda ta riga ta yar da kwandonta tana saukowa, ta ce, "In muka bar ku, ku ne za ku bi shi can. Matsa, tsoho, kada in taka ka."

Sai ga su nan suna zubowa, matan tsofaffin da 'ya'yansu da surukansu, wasu suka nufi ɗaya igiyar. Yaya ya dube ni. Na ɗauka zai kore mu. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kada ku ja da hannu, zai yanke ku! Ku naɗa mayafi a ƙugu ku maƙala. Ku zauna a kan igiyar kamar za ku zauna a tabarma. Da baya! Ku bi salati!"

Igiya ta motsa. Taku ɗaya, sannan wani.

"Umma!" Jaufar ne ya sauko a guje. "Umma, me kike yi haka? Sulaiha! Mutane na kallo!"

Numfashina bai kai na dogon zance ba. Na ce, "Ɗauke gadajenka. Da baya muke tafe, ba mu da ido a ƙeya."

Layinmu ya doshi gadajen kai tsaye. Turawa suka miƙe suna tattara tawul da tabarau. Lema ɗaya ta kife. Yawancinsu suka ja gefe suka ɗaga waya. Wani dogo ya matso da tasa har kusa da fuskar Sulaiha. Yaya ya daka masa tsawa da Turancin da ya tsinto a can, yana nuna igiya, yana nuna tudu. Ko ni na gane: ko ka kama, ko ka ba mu wuri. Mutumin ya ja da baya, fuska ja. Madam Birgit ce ta cire takalmi ta kama a bayan maƙwabciyata, ba ta iya ba, tana ta taka mata dunduniya, ana zaginta tana cewa na gode. Jaufar ya tsaya kamar an dasa shi, har Sulaiha ta kusa yin tuntuɓe da ƙafar wani gado. Sai ya sunkuya ya janye shi da kansa, ya yi wa yaransa ihu su kwashe sauran. Igiya dai bai taɓa ba. Biyu daga cikin yaran, da suka ajiye gado, ba su koma matakala ba, igiya suka kama.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san na kai ƙarshen layi na koma bakin ruwa har na daina sanin sau nawa. Bayana kamar zai tsinke. Salatin maza da namu ya haɗu, wani iri, ba mu saba jin muryarmu a waje haka ba.

Da jakar tarun ta hau tudu, kowa ya ga mun makara. Tsayawar da aka yi da farko ta ba kifi hanya, mafi yawa ya zille ta ƙasa. Abin da ya rage yana ta tsalle a yashi, ƙanana masu walƙiya da 'yan manya kaɗan. A shekarun baya da Yaya ya ga wannan, tsaki zai yi.

An riga an aika wa Dattijo Mira Sahibu. Ya zo da sandarsa da lemarsa baƙa, ya zagaya jakar a hankali, ya taɓa kifi ɗaya da bakin sanda. Ya ce, "Taru ya hau tudu da kifi. Na gani."

Wani daga cikin masu kallo, wanda tun ɗazu hannunsa ke goye a baya, ya ce, "Dattijo, amma fa mata ne suka ja."

"Ni kifi aka ce in zo in gani," in ji shi. Ya buɗe lemarsa ya tafi.

Yaya ya tsuguna ya yi rabo a kan yashi, tsibi-tsibi, bai rage wa mace ko ɗaya ba. Ya tura wa Madam Birgit nata. Ta tsaya tana duban kifin, ba kwando ba leda, daga ƙarshe ta cire malafarta ta kwashe a ciki ta kawo mini in dafa. Har yau ba ta yanke inda za ta zauna ba. Damina na sauka ta wuce Kerala wurin masu tausa, ta ce bayanta ya buƙata.

Abin bai wuce haka kawai ba. An yi surutu a gari, har wasu mazan suka hana matansu zuwa tagata na wani lokaci. Dogon Baturen ya tattara kayansa a ranar, ya ce an ci masa mutunci. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa, na yi kwanaki ban murza gurasa ba. Sulaiha da mijinta sun yi tasu a ɗaki, ban tambaya ba. Ruwan farko ya sauka kafin mako ya zagayo, teku ya tashi, aka ja kwalekwale sama aka kife.

Ranar da ake naɗe taru don ajiya, Jaufar ya zo. Tun ranar Talatar bai taka gidana ba. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya dubi hannuwana da ke shafe da man kwakwa, ya kawar da kai. Sannan ya nufi rumfa inda kawunsa yake.

"To, Kawu, bana ka tsira da ita."

"Alhamdu lillahi."

"Baɗi fa? Tsoho Sini ba ƙuruciya zai ƙara ba. Umma ga hannunta. Haka za ka riƙa hawa dutse kana kiran mata su fito su ja maka?"

Yaya bai ɗago ba. Ya ja ƙullin da yake yi ya ƙara tamke shi, ya ce, "Bana ma ban kira su ba."